Bango Ɗaya Da Dala Miliyan 2: Nazarin Fim Ɗin Bound

Wajajen 1995 wasu 'yan gida ɗaya su biyu daga birnin Shikago, masu sunan Wachowski, suka riƙa shiga ofisoshin kamfanonin fim na Holiwud da wani rubutaccen labari a hammata. Labarin sata ne: dadiron wani ɗan Mafiya, ƙungiyar manyan masu laifi, ta haɗa baki da wanda ke aiki a gidan da ke maƙwabtaka da su, a kwashe dala miliyan 2 na iyayen gidan farkanta, a bar shi da jangwam. Kamfanonin suka nuna sha'awa, amma da sharaɗi. Maƙwabcin nan a rubuce mace ce mai suna Corky. A mayar da ita namiji, in ji su, sai a zauna a yi maganar kuɗi. Masu labarin suka ƙi, suka ce in aka yi haka, fim ɗin da zai fito an riga an yi irinsa ba adadi.

Wannan ƙin da suka yi shi ne abin nazari a nan. Maganar madigo ce a tsakiyar fim ɗin, kuma mai karatu ba ya buƙatar in tuna masa matsayinta a addini ko a dokokin ƙasashenmu. Abin da ya ja hankalina sana'ar ce: yadda canza mutum ɗaya a cikin tsohon salon labari ya tilasta wa sauran sassan labarin canzawa, har ya kori mai bincike daga cikinsa gaba ɗaya.

Salon da ake magana a kai sunansa nuwar, kalmar Faransanci mai nufin baƙi. Masu sharhin fim na Faransa ne suka raɗa masa sunan a 1946, cikinsu har da Nino Frank, lokacin da finafinan Amurka da yaƙi ya hana su gani suka iso Paris a jere. Suka ga duhu ya yi yawa a cikinsu: dare, ruwan sama, hayaƙin sigari, inuwar labulen taga a fuskar mutum, da jarumin da tun farkon fim ka san ba zai wanye lafiya ba. Irin wannan labari kamar murhu yake, duwatsu uku ne ke riƙe da tukunyar. Akwai hatsabibiyar mace mai kyau da ke son a kawar mata da wani. Akwai gaulan da sha'awa ta rufe wa ido ya yarda zai yi aikin. Sai mai bincike, ɗan sandan ciki ko wani mai irin aikinsa, da ke bin sawu har ya tono su. Fim ɗin Billy Wilder na 1944, Double Indemnity, shi ne abin misali: Barbara Stanwyck ta ja ɗan inshora suka kashe mijinta don kuɗin diyya, abokin aikinsa mai tantance takardun diyya ya yi ta bin diddigi, ƙarshe masoyan suka harbi juna.

Ba don marubutan sun rasa wani ƙarshen ba ne suke rufe labari haka. Doka ce ta sa. Tun 1930 kamfanonin Holiwud suka rubuta wa kansu ƙa'idar tace finafinai, wadda aka fi sani da sunan Will Hays, aka fara aiki da ita ba sani ba sabo a 1934 a ƙarƙashin Joseph Breen. Wanda ya san yadda 'yan fim ɗin Kano ke kai aikinsu gaban Hukumar Tace Finafinai zai gane tsarin, sai dai ta Kano ta gwamnati ce, ta Holiwud kuwa kamfanonin ne suka kafa don kada gwamnati ta kafa musu. Ƙa'idar ta ce mai laifi ba zai ci bulus ba, dole a ga sakayya. Ta kuma hana ko ambaton soyayyar jinsi ɗaya. An sassauta wannan sashe a 1961, aka jefar da ƙa'idar baki ɗaya a 1968, aka koma bai wa kowane fim alamar shekarun masu kallo. Amma ɗabi'ar ta zauna. In an saka irin wannan mace a fim, ko ta rataye kanta, ko a kashe ta, ko ita ce mai kisan. Vito Russo, a littafinsa na 1981 kan wannan tarihi, sai da ya ware shafuka ya jero irin waɗannan mutane na cikin finafinai da yadda kowannensu ya mutu a labarin.

Sai 1992 ta zo da Basic Instinct na Paul Verhoeven, wanda ya tara sama da dala miliyan 350 a duniya, ya kuma buɗe kasuwar finafinan kisa masu haɗe da batsa. Nan ma duwatsun uku suna nan, sai dai an haɗe biyu: ɗan sandan cikin da Michael Douglas ya fito a matsayinsa shi ne mai binciken, shi ne kuma gaulan. Macen da ake zargi tana da budurwa, budurwar ta mutu a hatsarin mota tana ƙoƙarin kashe shi. Ƙungiyoyin 'yan luwaɗi da madigo sun yi ta zanga-zanga a San Faransisko tun ana ɗaukar fim ɗin a 1991, da aka fara haska shi kuma wasunsu suka tsaya ƙofar sinima suna gaya wa masu layin tikiti wanda ya yi kisan, don su ɓata musu kallon. A wannan kasuwa ce 'yan gidan Wachowski suka shigo da labarinsu. Shi ya sa kamfanoni suka so shi, shi ya sa kuma suka so a gyara shi.

Su kansu suna da ciwon da ke damunsu. Sun rubuta Assassins, wanda ya fito a 1995 da Sylvester Stallone da Antonio Banderas, amma aka ba wani marubuci ya sake rubutun har suka nemi a cire sunansu, ba a cire ba. Daga nan suka ƙudura cewa abin da suka rubuta su za su ba da umarninsa. Wanda ya yarda ya zuba kuɗi ba tare da an taɓa Corky ba shi ne Dino De Laurentiis, tsohon furodusa ɗan Italiya da a lokacin ya haura shekara 75. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba a ma'aunin Holiwud, kusan dala miliyan 6. Mai ɗaukar hoton da aka fara ɗauka ya ajiye aikin, ya ce ba za a iya abin da suke so da waɗannan kuɗi ba, sai Bill Pope ya karɓa. Aka ɗauki fim ɗin cikin kwana 38 a Santa Monika ta jihar Kalifoniya, ko da yake labarin a Shikago yake. Jarumai mata da dama sun kauce wa aikin. Jennifer Tilly, wadda ba ta daɗe da shiga takarar Oscar ba, da farko Corky ta so fitowa, daga baya ta karɓi Violet, Gina Gershon ta zama Corky, Joe Pantoliano ya zama Caesar.

Ƙarancin kuɗi ya yi wa fim ɗin rana. Kusan komai a cikin gidaje biyu ne da bango ɗaya ya raba, bangon kuma marar kauri, ana jin tarin na ɗaya ɓangaren. Corky ta fito daga kurkuku bayan shekara 5, an ba ta aikin fenti da gyaran famfo a gidan da babu kowa. Violet ta yi shekara 5 ita ma a ɗaya gidan tare da Caesar, mai halasta wa Mafiya kuɗin haram. Lissafin shekarun da gangan ne: kowacce ta yi zaman nata gidan yarin.

Fitowar da nake ganin ita ce ginshiƙin fim ɗin tana zuwa da wuri, kuma ba ta da hayaniya sosai. Violet ta jefa ɗan kunnenta a magudanar wurin wanke-wanke don a turo mata mai gyaran famfo. Suna tare a falo, fitila a rage, Caesar ya dawo ba zato. Ya hango mutum cikin kayan aiki kusa da macensa, ya taso da ashar zai yi faɗa. Da ya matso ya ga mace ce, sai ya fashe da dariya, ya ba da haƙuri, ya miƙa hannu, har ya zaro kuɗi ya ba ta. Abin da ya ji tsoro shi ne ainihin abin da ke faruwa, ya gani da idonsa, ya kuma sallame shi da tukuici. Da an bi shawarar kamfanoni an mayar da Corky namiji, a nan fim ɗin zai ƙare, don Caesar ba zai ƙara barin mai fentin ya kwana da rai a bayan bangonsa ba. Duk satar da ta biyo baya a kan wannan makanta aka gina ta. Mazan da ke cikin labarin mutane ne masu zargin kowa, sana'arsu ke nan, amma mata biyu ba sa cikin lissafinsu. Raina kama ka ga gayya.

Kuɗin sun shigo gidan ta mummunar hanya. Wani mai suna Shelly ya daɗe yana yagar rabonsa daga dukiyar ƙungiya, aka kama shi, aka azabtar da shi a banɗakin Caesar da almakashin aske itatuwa, Corky na jin ihun ta bututun ruwa. Bayan ya nuna inda kuɗin suke, Johnnie, ɗan babban maigida, ya harbe shi a kansu, jini ya ɓata su. Turawa na kiran sana'ar Caesar wankin kuɗi, sai fim ɗin ya ɗauki kalmar a zahirinta: ga shi ya kwana yana wanke daloli da sabulu, ya shanya su a igiya faɗin falo, ya bi su da dutsen guga ɗaya bayan ɗaya. Washegari Gino Marzzone, mahaifin Johnnie, zai zo ya karɓa.

Dabarar matan mai sauƙi ce. Violet za ta saki kwalbar giyar da Gino ke sha ta fashe, ta fita sayo wata, ta bar ƙofa. Corky ta shiga lokacin da Caesar ke wanka, ta kwashe kuɗin, ta cika jakar da tsofaffin jaridu. Violet ta dawo ta ce ta hango Johnnie yana barin ginin. Caesar da Johnnie dama ba sa ga maciji, don haka zai ɗauka Johnnie ne ya shirya masa gadar zare, ya san kuma ba wanda zai yarda da shi a kan ɗan maigida, sai ya gudu. Gudun nasa shi zai zama shaidar laifinsa. Masu fim ɗin sun haɗa tsara dabarar da aiwatar da ita a lokaci guda, Corky na faɗin mataki muna ganin ana yin sa, ta yadda mai kallo zai saki jiki ya ɗauka komai zai tafi daidai.

Caesar bai gudu ba. Daga nan fim ɗin ya zama nasa, kuma a nan ne maganar mai bincike ta taso.

A tsohon nuwar, bayan an yi laifi wani daga waje yake shigowa da tambayoyi. A Bound hukuma sau ɗaya ta leƙo. Bayan Caesar ya harbe Gino da Johnnie da mai tsaronsu a tsakiyar falo, maƙwabta suka kira 'yan sanda. Kafin su hau bene ya ja gawarwakin zuwa bahon wanka, ya ja darduma ya rufe jinin, ya ƙure ƙarar talabijin. Da suka shigo su biyu ya ce musu kunnensa ne ba ya ji sosai, harbin da aka ji na fim ne. Ɗaya ya nemi izini ya shiga banɗaki ya yi fitsari, gawa uku na bayan labule taku ɗaya daga inda yake tsaye. Ɗayan ya taka dardumar, jini ya tsattsafo gefen takalminsa bai duba ƙasa ba. Suka yi sallama suka tafi. Ba a ƙara ganin hukuma ba.

Aikin binciken sai ya faɗa hannun wanda aka yi wa satar. Caesar ne ya je ya birkice gidan Johnnie bai sami komai ba. Shi ne ya dawo yana jujjuya abin a ransa. Shi ne kuma ya gano gaskiya, ta hanyar da ko ƙwararren ɗan sandan ciki zai yi alfahari da ita: ya kama Violet ta ajiye waya, ya danna maɓallin sake kiran lambar ƙarshe, sai ya ji ƙarar waya tana tashi ta bayan bango. Bangon da ya taimaki matan tun farko shi ya tona su. Abin lura, hankalinsa bai kai shi can ba, sai da na'ura ta nuna masa.

Akwai mutum na biyu mai ido, Mickey, babba a ƙungiyar, dattijo mai sanyin murya. Da ya zo neman Gino ya lura an matsar da kujeru, ya tambayi dalili, ya nemi a buɗe jakar. Saura ƙiris, Violet ta kira wayar falon da wayar hannun Johnnie, Caesar ya ɗauka ya yi kamar da Gino yake magana, wai sun yi hatsari suna asibiti. Wannan ita ce fitowar da na fi so, don a cikinta macen da farkanta ya gama ɗaurewa ta cece shi domin ta ceci kanta, kowannensu ya san ɗayan ƙarya yake yi, Mickey kuma na tsaye a tsakani bai ga komai ba.

To, tambayar da labarin ya maye gurbin bincike da ita ta amana ce. Mai kallo ya san wanda ya yi sata, ya san wanda ya yi kisa. Abin da bai sani ba shi ne ko Violet za ta yi wa Corky abin da kowace mace irinta ta yi wa abokin satarta tun 1944. Corky kanta ba ta yarda da ita ba: abokiyar sata ce ta taɓa cin amanarta har ta shiga kurkuku, ta kuma ji ta bango irin mazan da Violet ke karɓa. Ita ma Violet tana iya zama wadda aka yaudara, tunda kuɗin suna hannun Corky, a ƙulle cikin leda a ƙasan bokitan fenti, ga mota a waje. Wanda ya saba da nuwar yana zaune yana jiran cin amanar, kamar mai jiran saukar ruwa bayan hadari ya haɗu. Ba ta zo ba. Violet ta harbe Caesar ya faɗi cikin farin fentin da ya malale, jan jini na bin fari, suka tafi da kuɗin a sabuwar jar mota. A zamanin Breen ko shafin farko na wannan labari ba zai wuce ofishin tacewa ba, balle ƙarshensa.

Ba na cikin masu cewa fim ɗin ba shi da aibu. Soyayyar ta ƙullu da sauri fiye da yadda za ta ɗauki nauyin amanar da aka ɗora mata. Corky, wadda aka yi duk rigimar a kanta, ta kusan ɓacewa a rabi na biyu: tana manne da bango tana saurare, daga baya tana ɗaure a ma'ajiyar kaya. Pantoliano ya cinye wannan sashe da gumi da surutu, har mutum ya fara tausayin azzalumin. Azabtar da Shelly kuma an ja ta fiye da buƙata. Masu sharhi sun rabu a kan wannan zubar da jini, ko da yake Roger Ebert ya ba fim ɗin tauraro huɗu cikin huɗu.

Inda aka fi kai ruwa rana da hukumar ba da alamar shekaru shi ne fitowar kwanciya. Masu fim ɗin sun ɗauko marubuciya Susie Bright ta ba su shawara, har ta fito a wata mashaya a cikin fim ɗin. An ɗauki fitowar a jan kyamara ɗaya ba yanka, abin da ke sa ya yi wuya a cusa wani abu ko a cire. Hukumar ta ce a yadda yake sai dai alamar NC-17, wato ta manya zalla, wadda aka ƙirƙiro a 1990, kuma a kasuwancin wancan lokacin kusan hukuncin kisa ce: sinimomi da yawa ba sa haska irinsa, jaridu da yawa ba sa karɓar tallarsa, manyan shagunan hayar kaset ba sa ajiye shi. Dole aka rage aka sami alamar R. Cikakken ya fito daga baya a kaset da faifai.

An fara nuna shi a bikin finafinai na Venis a ƙarshen Agustan 1996, ya shiga sinimomin Amurka ranar 4 ga Oktoba. Abin da ya tara a can bai wuce dala miliyan 3.8 ba, bai mayar da kuɗin da aka kashe ba. In da kuɗin tikiti kawai za a duba, kamfanonin da suka ce a gyara Corky su ke da gaskiya. Amma bayan shekara uku mutanen nan dai, da Bill Pope a kyamara, Zach Staenberg a tace hoto, Don Davis a kiɗa, Pantoliano a matsayin maci amana, suka fito da The Matrix, wanda ya haura dala miliyan 460 ya kuma ci Oscar huɗu. Furodusa Joel Silver ya ce Bound gwaji ne da aka sa su yi don a ga ko za su iya, Lana Wachowski ta ƙaryata shi, ta ce fim ne da suka so yi don kansa. A lokacin ana rubuta sunansu a matsayin 'yan'uwa maza, daga baya dukansu suka bayyana sauya jinsi, Lana a bainar jama'a a 2012, Lilly a 2016, abin da ya sa masu sharhi suka koma suna sake karanta fim ɗin a matsayin labarin mutanen da ake kallo ba a ganinsu. Kamfanin Criterion, mai adana finafinan da ake ji da su, ya sake fitar da shi a 2024.

Kujerar 'yar madigo mai bincike kuwa ta daɗe babu kowa a kai a manyan finafinan Holiwud. A littattafai an riga an cike ta: tun 1984 Katherine V. Forrest ta fara jerin labaran Kate Delafield, 'yar madigo kuma 'yar sandan ciki mai binciken kisa a Los Anjelas. Fim ne ya yi nawa. David Lynch ya matso kusa a 2001 da Mulholland Drive, inda wata mai neman zama jaruma ta shiga binciken asalin matar da ta manta ko ita wace ce, amma bincike ne na sa-kai, cikin abin da ya fi kama da mafarki. A 2025 kuma Ethan Coen da Tricia Cooke suka sa Margaret Qualley a matsayin mai bincike mai zaman kanta a Honey Don't!, kusan shekara 29 bayan Bound. A duka biyun mai binciken ita ce kuma mai soyayyar, wato an koma haɗe duwatsu biyu kamar yadda Verhoeven ya yi, jinsin kawai aka sauya.

Ina ganin dalilin a fili yake. Labari irin na Bound ba zai jure mace mai bincike daga waje ba. Da ɗaya daga cikin 'yan sandan nan biyu mace ce mai ido, ko da a cikin mutanen Mickey akwai wadda ake jin maganarta, tambayar farko da za ta yi ita ce wa ke aiki a gidan da ke bayan bangon, kuma me ya sa aka daina jin motsinta a daren da kuɗi suka ɓace. Babu wanda ya yi wannan tambaya. A fitowar da ta gabaci ta ƙarshe, Mickey, wanda ya fi kowa wayo a cikinsu, yana tsaye bakin titi yana lallashin Violet. Ya yarda da duk abin da ta faɗa masa, cewa Caesar ne ya kashe su Gino ya gudu da kuɗin. Ya yi mata tayin ta zauna a ƙarƙashin kulawarsa, ta ce tana so ta yi nisa da wannan rayuwa. Ya yi mata alkawarin za su nemo Caesar duk inda ya shiga, ya shiga motarsa ya tafi farautar mutumin da ta riga ta kashe.